Kifin da Na Zaɓa a Jidda

Ni dai ɗan tudu ne. Kafin shekarar 2018 sanina da kifi bai wuce tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ba, su ma a cikin akushi na fi saninsu. A wannan shekarar ce na je Umara, na sauka gidan ƙanena da ke aiki a Jidda, na tarar ya girke wani ƙaton akwatin gilashi a falonsa, tsawonsa mita biyu da rabi, yana cin ruwa wajen lita 1,000. Ruwan gishiri ne irin na teku, wanda akan haɗa har gishirin ya kai kimanin giram 35 a kowace lita. Ga duwatsu, ga farin yashi, ga na'urorin tace ruwa suna ta ƙugi, amma kifi biyu rak ke ciki, 'yan ƙanana masu launin ruwan goro da ratsin fari, irin waɗanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara suka sani. Na autarsa ne, har ta raɗa musu suna.

Da na tambayi dalilin wannan ɓarnar wuri, sai ya bayyana mini cewa ba a cika irin wannan akwati a rana ɗaya. Kashin kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare su, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun yaɗu a jikin duwatsu kafin su iya sarrafa ta. Wannan kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, bayan nan ma da ɗai-ɗai ake ƙara kifi. Ya kuma yanke shawarar ba zai dasa murjani mai rai ba, kifi zalla zai ajiye. Fa'idar haka ita ce mutum ya sami damar kiwon manyan kifayen da ke gaigayar murjani ko cinye jatan lande. Amma fa irin waɗannan kifaye su ne kuma ba su da daɗin zama da maƙwabci.

Wata ranar Asabar muka nufi shagon masu sayar da kifin ado. Abin da ya fara kama ni, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne bakina ya mutu: ina kallon halittu birjik, ba ni da sunan ko ɗaya a Hausa. Ɗaya kaɗai na gane danginsa, mai kumbura ciki in an taɓa shi, na ce wannan ai ɗan'uwan talibambam ne. Mai shagon ya ce haƙoransa ba sa daina girma, dole a riƙa ba shi abinci mai ɓawo yana gurgura. Sai ya nuna mana wani mai siraran ratsi a jiki da baƙin gefe mai sheƙin shuɗi, ya ce sunansa suhal. Daga baya na gano cewa wannan kalmar Larabci ce ta shiga sunansa na kimiyya, wato Acanthurus sohal, ta hannun Peter Forsskal, masani ɗan ƙasar Suwidin da ya tattara kifayen Bahar Maliya yana rubuta sunayen da masunta ke kiransu. An buga aikinsa a 1775, bayan rasuwarsa. Wannan kifi yakan kai santimita 40, yana da ƙaya mai kaifin aska a gindin wutsiyarsa, kuma in ya riga kowa shiga akwati, to akwatin ya zama gidan ubansa. Saboda haka shi ake sa wa a ƙarshe, bayan masu sanyin hali sun kama wurarensu.

Na lura duk kifin da muka nuna, mai shagon ba ya fara maganar kuɗi sai ya yi tambaya: su wa ke cikin akwatin yanzu? Sannan ya buɗe hannuwansa ya nuna mana girman da kifin zai kai nan da shekara biyu ko uku. Kusan duk abin da ke shagon 'ya'ya ne. Akwai wani shuɗi mai fararen zobba, abin sha'awa, wanda in ya girma kamanninsa kan sauya gaba ɗaya, ya koma mai ratsin rawaya da shuɗi, har mutum ya rantse wani kifin ne daban.

Nan ƙanena ya ce, "Yaya, zaɓi ɗaya, ya zama tsarabarka ga gidan." Idona kuwa tun shigarmu yana kan wani mai ratsin ja da fari, fukafukansa a baje kamar mafici, yana tafiya cikin ƙasaita. Turawa na kiransa kifin zaki, Larabawa kuwa kazar teku. Tsawonsa bai fi ɗan yatsana ba. Mai shagon ya ce ƙayoyin bayansa suna da dafi, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Na dubi ɗan bakin nan, na tuna girman kifayen auta, na ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ba za su shiga ba. Ƙanena ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Bahaushe ba ya musu da wansa a gaban baƙo, ni kuma na ɗauki shirun nasa a matsayin yarda, alhali na san ba haka ba ne.

Aka keɓe sabon kifin a wani ƙaramin akwati na mako huɗu, kamar yadda ake yi don gudun cutar farin ɗigo da ke iya gamawa da kifayen akwati duka. Kafin wa'adin ya cika na dawo gida.

Bayan kamar wata takwas ƙanena ya bugo waya. Muka gaisa, muka taɓa zancen iyali da na damina, sai can a ƙarshe ya ce kifina ya girma ƙwarai, ya kusa tsawon tafin hannu har da yatsu, kuma an wayi gari ɗaya daga cikin kifayen auta babu shi. Bai ƙara komai a kai ba. Na ce a kai shi teku a sake shi mana, tunda ga ta nan kusa. Ya ce ba a mayar da kifin akwati teku, yana iya kai cuta, kuma irin wannan sakin ne ake kyautata zaton ya kai kifin zaki gaɓar Fulorida a Amurka, inda aka fara ganinsa a 1985, ya yaɗu har tekun Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifayen wurin.

Abin da ya yi shi ne ya saya wa wanda ya tsira ƙaramin akwati a ɗakin yarinyar. Babban kuwa ya cika shi a hankali da manyan da suka fi ƙarfin bakin zaɓina, suhal ya shiga daga ƙarshe. Na nemi a ba ni auta a waya na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, Baffa. Sai dai har yau "kifin Baffa" take ce masa, kuma ba da yabo take faɗa ba.