Abin da Ɗan Damari Ya Je Karantowa a Zariya

Ranar da ya sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, mahaifinsa ya tambaye shi abin da za a koya masa. Ya ce kimiyyar siyasa. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "To, kansila kake son zama ke nan?" Tambayar ba ta raini ba ce. A Damari, cikin ƙaramar hukumar Sabuwa, siyasa ita ce motar kamfe da buhun takin da ake gani shekara huɗu-huɗu.

A aji ya haɗu da ma'anar da Max Weber, masanin Jamus, ya ba hukuma a 1919: ita kaɗai ke da halaccin amfani da ƙarfi a cikin iyakarta. 'Yan ajinsa suka haddace don jarrabawa. Shi kuwa sai ya tuna manoman yankinsu da ke biyan 'yan bindiga kuɗi kafin su girbe masararsu, da ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020. Daga nan ya fahimci tambayar da fanninsa ke yi: wa ke da iko, ta yaya ya same shi, kuma wa zai tuhume shi?

Digirin ba ya zuwa da kujera. Likita na da asibiti, lauya na da kotu, amma mai wannan ilimi shi ke share wa kansa hanya: koyarwa, aikin gwamnati, jarida, bincike, ko hukumar zaɓe. Farfesa Attahiru Jega daga ajin koyarwa na Jami'ar Bayero ya taso, har ya shugabanci INEC daga 2010 zuwa 2015.

Bayan hidimar ƙasa, saurayin ya koma gida yana koyarwa a sakandare. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shi dattawa suka kira ya yi musu bayani bayan sallar la'asar. Mahaifinsa na zaune a gaba. Da ya gama, dattijon ya ce, "Ashe muna da haƙƙin tambayar inda kuɗin Sabuwa ke tafiya?"

Ya ce, "Ƙwarai, Baba. Abin da na je karantowa ke nan."