Iskar da ke Fita ta Idon Baba

Shekara uku Baba yana yawo da hankici a aljihun gaban rigarsa. Idonsa na hagu ba ya daina zubar da hawaye, ko yana dariya, ko yana lissafi a shago, ko yana sahun gaba a masallaci. Ranar ɗaurin auren autarmu mutane suka yi ta ba shi baki, wai ya yi haƙuri, ɗiya mace dama ta gidan wani ce. Shi kuwa babu abin da ke damunsa sai idon.

Likitar ido ta yi mana bayani da zane a bayan takarda. Ba sai an yi kuka ake hawaye ba, kullum ido yana samar da shi don ya wanke kansa. Idan ya gama aikinsa sai ya bi wasu ƙananan ƙofofi biyu a lungun ido na wajen hanci, ya taru a wata 'yar jaka, ya gangara ta siririyar magudana zuwa cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. Magudanar Baba ce ta toshe. Za a huda ɗan ƙashin da ke tsakanin jakar da hanci, a buɗe sabuwar hanya, a zura siririn bututun roba ya riƙe ta har ta warke. Aikin ba sabo ba ne, tun 1904 wani likita ɗan Italiya mai suna Toti ya bayyana shi. Hankalinmu ya kwanta.

Mu 'ya'yansa uku muka cike takardar asibiti. Da muka zo wurin da aka tambayi magungunan da yake sha, muka rubuta na hawan jini, muka wuce. Ko a ranmu ba mu kawo injin da ke gefen gadonsa ba. Ai ba shan sa ake yi ba, kuma na hanci ne, mu kuwa wurin likitar ido muka zo.

Injin nan yana da tarihi a gidanmu. Tun muna yara minsharin Baba abin wasa ne a wurinmu, amma ban da Hajiya. Ita ce take jin lokacin da minsharin yake yankewa ɗif, ɗaki ya yi tsit, sai ta zungure shi ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da aka yi masa gwajin barci aka ga numfashinsa yana tsayawa ko raguwa sau 41 a awa ɗaya, kowanne aƙalla daƙiƙa goma. Abin da ya haura 30 likitoci suna lissafa shi mai tsanani. Naman maƙogwaronsa ne yake saki idan barci ya yi nauyi, ya rufe hanyar iska. Injin, wanda ake kira CPAP, yana hura iska ta takunkumin hanci da ƙarfin da zai riƙe hanyar a buɗe. Muka haɗa kuɗi muka saya, muka ƙara da batir da sola saboda ɗauke wuta. Baba ya daina gyangyaɗi a shago, ciwon kan safe ya tafi.

Ranar sallama ma'aikaciyar jinya ta gargaɗe shi kada ya fyace hanci har mako biyu, kada iska ta matsa wa wurin aikin. Sai autarmu ta ce, "To injin fa?"

Likitar ta ɗago daga rubutun da take yi. "Wane inji?"

Muka kalli juna. Ta ajiye biro, ta ce da ta sani da tun kafin aiki an zauna an tsara, don ko masu ba da maganin barcin tiyata ya kamata su san da wannan lalura. A ƙarshen magudanar hawaye ta asali akwai wata 'yar fata da ke hana iska komawa sama. Sabuwar hanyar ba ta bi ta wurinta. Ƙofar da hawaye zai sauka ta cikinta, ita ce iska za ta iya hawa.

Aka ajiye injin mako biyu. Baba ya koma kwana a jingine da matasai uku, Hajiya ta koma gadin numfashi kamar da. Da wa'adi ya cika aka ba shi izini ya mayar da takunkumin, muka ɗauka magana ta ƙare.

Bayan wata guda gyangyaɗi ya dawo. Idon ya daina hawaye, amma da safe jajir yake tashi. Idan muka tambaya sai ya ce, "Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi." A cikinmu akwai mai sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, kuma masu wannan sana'a ba sa yarda da "lafiya ƙalau" sai sun duba abin da na'ura ta rubuta. Muka zare katin memori daga injin muka buɗe da wata manhaja ta kyauta mai suna OSCAR. Dare bayan dare labarin ɗaya ne: a kunna wajen goma da rabi, a kashe kafin ɗaya. Awa biyu da 'yan mintuna, sauran daren babu komai.

Katin ya faɗa mana lokaci, bai faɗa mana dalili ba. Kuma ba a tsare uba da tambaya kamar ɗan makaranta, don haka muka kai wa Hajiya.

Ko kallon kwamfutar ba ta yi ba. "Ni sai kun nuna mini? Idon ne yake fito. In ka matso kusa har iskar za ka ji a kumatunka. Ya ce kada in gaya muku, kun kashe kuɗi a inji, kun kashe a tiyata, ba zai ce muku ɗaya ya ɓata ɗaya ba."

Washegari bayan asuba shi da kansa ya tayar da zancen, yana murmushi. Ya ce mutane garin neman gira suke rasa ido, shi kuwa garin neman ido zai rasa barci. Mu dai ba mu iya dariya ba. Wata guda yana zaɓar ya kwana numfashi na yanke masa, don kawai kada ranmu ya ɓaci.

Wannan karon likitocin biyu muka haɗa, muka kai wa kowanne takardar ɗan'uwansa. Likitan barci ya hana mu taɓa ƙarfin iskar da kanmu, ko da yake mun riga mun gano inda ake sauya shi. Shi ya mayar da injin kan tsarin da yake ƙara ƙarfi sai in an buƙata, ya ce a riƙa cika tankin ruwansa don iskar ta yi laima. Likitar ido ta rubuta man da ake sawa kafin kwanciya. Abin ya ragu, bai tafi ba. Daga ƙarshe muka yi odar takunkumin da ke rufe fuska gaba ɗaya har da idanu. Idan ƙarfin iska a wajen ido ya yi daidai da na cikin hanci, ba ta da dalilin bi ta sabuwar hanyar. Mako biyar muka jira kafin ya iso.

Baba ba ya son sa. Ya ce da zafi yana sa shi gumi, kuma jikokinsa suna kiran sa ɗan sama-jannati. Wasu dararen har yanzu yana cire shi kafin asuba, amma yanzu shi yake faɗa mana da safe tun ba mu duba kati ba.

Hankicin yana nan, da shi yake goge takunkumin. A aljihun da ya bari mun sa masa wata 'yar takarda da zai miƙa wa duk likitan da ya je wurinsa, ko na haƙori ne. Maganin hawan jini yana layi na biyu. A layin farko mun rubuta injin.