Na Tarar da Shekspiya a Kasuwar Maigatari

Ranar da na iso Gumel hutun ƙarshen zango, ko jakata ban ajiye ba na tarar da ƙanwata ta kife littafi a kan tabarma, ta haɗa kai da gwiwa. 'Yar aji biyar ce a sakandare. Littafin kuwa A Midsummer Night's Dream ne, wasan kwaikwayon William Shekspiya, wanda kuke gani an rubuta Shakespeare a bango. Shi ne hukumar WAEC ta sa wa masu jarrabawar adabin Turanci daga 2021 zuwa 2025, bayan an gama da Othello.

"Yaya, ni fa ajiye darasin nan zan yi," in ji ta. "Turancin da ke ciki ko ƙamus ba ya warware shi. Mutumin da ya mutu tun 1616, me ya haɗa shi da 'yar Gumel?"

Ban yi mata dariya ba, don ni ma na taɓa faɗin haka. Amma na san abin da ajiyewar za ta jawo mata. Tun tana firamare take cewa lauya za ta zama, kuma duk mai neman karatun lauya a jami'a sai ya ci adabin Turanci. Sai na roƙi Baba ya bar ta ta raka ni zagayen dangi na mako guda, a ƙananan hukumomi huɗu na masarautarmu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Sharaɗina ɗaya ne: kada ta yanke hukunci sai mun dawo.

Daga ƙofar fada muka fara, da hantsi. Dogarai na kai da komo, talakawa masu kawo gaisuwa da masu kawo ƙara suna zaune a inuwa. Na tambaye ta abin da ta sani na tarihin gidan nan. Ta san an kafa masarautar wajen 1750, ta san Mangawa ne tushenta, ta san Gumel da Barno ta yi alaƙa, ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. Na ƙara mata da cewa a Tumbi fadar take a da, cikin ƙasar Nijar ta yau, kafin a dawo da ita nan, kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yada zango a garin nan a 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ƙaramar masarauta ce da ta rayu a tsakanin manya, ga Barno, ga Kano, ga Damagaram.

Na ce mata duk wanda ya tashi a gari mai fada ya riga ya san abubuwa da yawa da Shekspiya ya rubuta a kansu: gadon sarauta, masu naɗin sarki, bafaden da ke faɗa wa sarki abin da yake son ji. A wasan King Lear, tsohon sarki ya ce zai raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku gwargwadon yadda kowace ta iya bayyana son da take masa. Biyu suka zuba masa daɗin baki suka samu rabo, autar ta ƙi yin ƙarya, ya kore ta. Daga baya biyun nan suka wulaƙanta shi. Wanda ya riƙa gaya masa gaskiya ido da ido kuwa shi ne wawan sarki. Ta ɗago kai. Wawan sarki ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe.

Ranar Alhamis muka yi sammako zuwa Maigatari, domin ranar kasuwa ke ci. Garin yana bakin iyaka da Nijar, kuma kasuwar dabbobinsa tana cikin manya a Arewa. Tun daga nesa ƙura ke sanar da kai ka kusa. A kara ga raƙuma sun gurfana suna tuƙa, ga shanu masu manyan ƙahoni, ga raguna da awaki, ga tireloli sun yi layi ana yi musu lodi zuwa Kudu. Kunne yana jin Hausa da Barbarci da Fulatanci da yaren Buzaye a wuri guda, ana ƙirga naira ana ƙirga sefa.

Kawunmu dillali ne a karar. Muka zauna a rumfarsa muna kallon yadda ake ciniki: mai saye ya taya, mai dabba ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a sallama, ya karɓi la'adarsa. Can sai wani falke ya zo ɗaukar shanu bashi, zai biya in ya sayar a Legas. Mai shanun bai san shi ba. Kawu ya ce ya tsaya masa. Da wannan kalma kaɗai aka kora shanun.

Da rana ta take muka samu sarari, sai na ba Kawu labarin The Merchant of Venice. Wani attajirin birnin Benis, Antonio, ya tsaya wa abokinsa Bassanio ya ci bashin dukat 3,000 na wata uku a wurin Shylock. Dukiyar Antonio duk tana cikin jiragen ruwa a teku. Aka rubuta cewa in wa'adi ya cika bai biya ba, za a yanki tsokar jikinsa laba ɗaya. Sai labari ya zo jiragen sun salwanta.

Kawu bai yi boko ba, amma bai bari na ƙarasa ba. "Ɗana, wannan attajiri da ganganci yake. Ana tsaya wa mutum da kayan da ke kan hanya? In tirela ta faɗi fa?" Ƙanwata ta fashe da dariya, don abin da malaminsu zai kira sharhi ne Kawu ya yi a tsaye.

Na ƙarasa musu. Wata mata mai suna Portia ta yi shigar lauya ta shiga kotu. Ta roƙi Shylock ya yi sassauci, ya ƙi. Sai ta kama shi da takardarsa: an rubuta tsoka, ba a rubuta jini ba, don haka ya yanka amma kada ɗigo ɗaya ya zuba. Kawu ya jinjina kai, sannan ya tambayi abin da ya sa mai ba da bashin ya ƙullaci Antonio haka. Na ce Bayahude ne a garin Kirista, kuma Antonio ya sha zaginsa da tofa masa yawu a kasuwa. Kawu ya ce to ashe kowa da laifinsa. Masana sun shafe shekaru suna muhawara a kan wannan gaɓa, ga ta ta taso a rumfar kara. Ƙanwata kuwa Portia ce ta tsaya mata a rai, har muka hau mota tana tambayata ko da gaske mace ce ta ci shari'ar.

A hanya na gaya mata cewa ba mu muka fara jin Shekspiya da Hausa ba. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night da sunan Daren Sha Biyu tun 1971. A Tanzaniya ma, shugaban ƙasa Julius Nyerere da kansa ya mayar da Julius Caesar da The Merchant of Venice zuwa Suwahili. Da labaran ba sa shiga zuciyar mutanen Afirka, da waɗannan manya ba su ɓata lokacinsu ba.

Bayan kwana biyu muka nufi Gagarawa wurin gwaggonmu. Ƙasa ce ta gero da riɗi da zoɓo, kuma tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta. Da safe muka tsaya wurin mai shayi. Wasu samari biyu suna ta musu a kan siyasa, jijiyar wuya ta tashi, alhali in ka saurara da kyau abu ɗaya suke so: taki da ruwan sha da aikin yi. Mai shayin bai kula su ba, yana ta fasa ƙwai a gefen kofi.

Wannan ƙwai ya tuna mini da Jonathan Swift, limamin coci ɗan ƙasar Ailan, wanda ya fitar da Gulliver's Travels a 1726. A ciki matafiyi ya faɗa ƙasar Lilliput, inda tsawon mutum bai wuce inci shida ba. Rigimar da ta raba kan mutanen, har ta kai su yaƙi da maƙwabtansu na Blefuscu, ita ce: ta wane gefe ya kamata a fasa dafaffen ƙwai, ta mai faɗi ko ta mai tsini? Jam'iyyunsu biyu kuma da tsawon dunduniyar takalmi ake bambance su. Swift da mutanen Ingila yake, da rigimar ɗarikun addininsu da ta jam'iyyunsu, amma ya ɓoye su a cikin 'yan mitsi-mitsin mutane don mai karatu ya yi dariya tukuna, daga baya ya gane da shi ake.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai wannan gugar zana ce." Na ce ta canka. Abin da littafinku ke kira satire ke nan, kuma Hausa ta rarrabe shi dalla-dalla. Zambo yakan fito da siffar mutum ya muzanta shi. Habaici ba ya kama suna, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Irin na Swift kuwa da halin jama'a yake, yakan kumbura aibi ya yi girma har kowa ya gan shi. Haka George Orwell ya yi a Animal Farm a 1945, inda dabbobi suka kori mai gona don a zauna daidai, sai aladu suka koma irin wanda aka kora. Da juyin juya halin Rasha yake, amma da Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Gandun Dabbobi a 1975, masu karatun Hausa ba su sha wahalar gano nasu aladun ba. In aka kawo muku irin wannan rubutu a jarrabawa, ku yi wa kanku tambaya uku: da wa ake, wane aibi aka kumbura, wane gyara marubucin yake nema?

Zangonmu na ƙarshe wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar, inda kakarmu take. Muka koma ta Gumel muka yi yamma. A nan ne na ce ta ciro littafin da ta kife. Na buɗe mata wurin da wasu masu sana'a shida na birnin Atina suka haɗu za su shirya wasan da za su nuna a bikin auren sarki: masaƙi da tela da kafinta da mai haɗa kayan katako da mai gyaran zugazugi da mai liƙin kwanuka. Babu wanda ya taɓa yin wasa a cikinsu. Masaƙin, Bottom, yana son a ba shi kowane matsayi, har na zaki. Suna tsoron kada zakin ya firgita matan fada, sai suka shirya ya sanar cewa shi mutum ne. Suka sa wani ya zama katanga, wani ya zama farin wata.

Kaka na jin haka ta ce, "Jikalle, ai tashe ke nan." Gaskiyarta. Daga goma ga azumi yara kan liƙa gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida gida suna kwaikwayon tsoho ko malami ko mai rowa, ana dariya ana ba su hatsi, wanda aka taɓa kuma ya ji a jikinsa.

Da aka yi sallar isha'i muka tara yaran gidan a tsakar gida. Ƙanwata ta riƙa karanta layi da Turanci tana faɗinsa da Hausa, kowa ya ɗauki nasa. Wani ya tsaya ya ware yatsu ya zama katanga mai huda. Wata ta ɗaga tocila ta zama wata. Da aka zo inda aljani Puck ya mayar da kan masaƙi na jaki, aka kifa wa wani yaro ƙwarya aka soka mata kara biyu. Kaka ta yi dariya har da hawaye. Shekspiya ɗan wasa ne kafin komai, kuma don a gani a dandali ya yi rubutunsa. A gidan wasa na Globe da aka gina a Landan a 1599, talakawa a tsaye suke kallo a kan kobo ɗaya. Sai bayan mutuwarsa da shekara bakwai, a 1623, abokan aikinsa suka tattara wasanninsa 36 a littafi guda.

Turancin bai yi sauƙi ba don mun yi wasa, kada in ruɗe ku. Harshen shekara 400 ne, ɗan Ingila na yau ma sai da bayanin ƙasan shafi yake gane wasu wurare. Amma ga abin da na gani ya yi aiki. Ku fara sanin labarin tun daga farko har ƙarshe, ko da da Hausa wani zai ba ku. Sannan ku haɗu ku biyar ko shida, ku raba sunaye, ku karanta da ƙarfi, fitowa ɗaya a zama ɗaya. Kwafi ɗaya ya ishe ku. Masu jarrabawa sukan yanko 'yan layuka su tambayi wa ya faɗa, wa ya gaya wa, a ina. Wanda ya haddace taƙaitaccen bayani yakan rikice a nan, wanda ya taɓa tsayawa ya furta maganar da bakinsa kuwa yakan tuna.

Da muka dawo Gumel, Baba ya tambaye ta hukuncin da ta yanke. Ba ta ce komai ba, sai ta miƙa masa littafin ta ce ya riƙe mata shafi, shi ne sarkin Atina, ita kuma za ta yi masaƙi.