Lome: Birnin da ke cin abinci da kayan wucewa

Gaɓar tekun Togo ba ta kai kilomita 60 ba. Matafiyin da ya shigo daga Jamhuriyar Benin ta garin Aneho, kafin ya gyara zama sau biyu a mota sai ya iske kansa a bakin iyakar Ghana, domin birnin Lome jingine yake da shingen Aflao. Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai yawan mutanen Jihar Kano ba. Duk da haka, a wannan ɗan tsukin ne aka kafa tashar jiragen ruwa da ke gogayya da Legas wajen yawan kwantenonin da ake saukewa. Ta wannan hanya ta bakin teku na shiga ƙasar, ina son in ga abin da ke jawo mata ciniki.

Tun daga Kpeme, inda wata doguwar gada ta kutsa cikin teku ana loda ma'adinin fosfat da ake haɗa takin zamani da shi, ido ke fara hango jirage a kan ruwa suna jiran layi. An buɗe tashar Lome a 1968, amma tauraronta ya haska ne daga 2014, lokacin da sabon sashen kwantena da kamfanin MSC ke da hannu a ciki ya soma aiki. Zurfin ruwan wurin ya haura mita 16, saboda haka manyan jiragen da ke tasowa daga Asiya sukan sauke kaya a nan, sannan ƙanana su kwasa su rarraba wa sauran tashoshin yankin. Mafi yawan abin da ke cikin akwatunan nan ba na mutanen Togo ba ne. Wucewa kawai yake yi, ƙasar kuwa ta karɓi ladan masauki.

A arewacin birnin, wajen Agoe-Zongo, Hausa ce ke tashi a bakin masu shayi da masu tsire da direbobin manyan motocin da ke shirin kama hanyar Burkina Faso da Nijar. A can na zauna da wani dattijon ɗan kasuwa mutumin Maraɗi. Na ce masa, "Alhaji, me ya raba ka da hanyar Legas, alhali ta fi kusa da gida?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ni ba arha nake nema ba. So nake tun kafin jirgi ya iso in san nawa zan biya, in kuma san ranar da kayana za su fita. Kuɗin da na ranta a banki ba ya barci."

Abin da Togo ke sayarwa ke nan, wato tabbaci, kuma da gangan ta gina shi. A 2014 ta haɗe hukumar kwastan da ta haraji ƙarƙashin inuwa ɗaya, ta kuma buɗe kafa guda ta intanet inda ake kammala takardun fiton kaya. Rajistar kamfani ta koma aikin yini ɗaya. A rahoton Bankin Duniya kan sauƙin kasuwanci na 2020, ƙasar ta tashi daga matsayi na 137 zuwa na 97. An daina fitar da wannan rahoto a 2021 bayan taƙaddama kan alƙalumansa, amma hedikwatar bankin Ecobank da ta kamfanin jiragen sama na Asky suna nan a Lome, kowa yana gani.

Sai dai babbar kasuwar Asigame da ke tsakiyar birni tana ɗauke da wani darasi. Nan ne fadar matan da ake kira Nana Benz, dillalan atamfar Holan waɗanda suka yi arzikin da har suka riƙa hawa Marsandi, inda suka samo sunan. Daga hannunsu atamfa ke bazuwa cikin Afirka ta Yamma. Da aka karya darajar sefa a 1994, sannan kwaikwayon atamfa mai arha ya kwararo daga Sin, sai kasuwarsu ta ja baya, domin ba su ne ke saƙawa ko rinawa ba. Dillali yana cin riba ne muddin mai kaya da mai saye suna bukatar bi ta ƙofarsa.

Haka lamarin tashar yake. Wani kaso na cinikinta ya samo asali ne daga matsalolin maƙwabta: cunkoson Apapa, da kuma rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya karkato da kayan Yamai daga Kwatano zuwa Lome. Maƙwabtan kuwa ba barci suke yi ba. Ghana ta faɗaɗa tashar Tema, Abijan ta buɗe sabon sashen kwantena a 2022, tashar Lekki mai zurfi ta soma aiki a 2023. Hanyar arewa ma ba ta da daɗi. Daga Lome zuwa Cinkasse a iyakar Burkina Faso tafiyar fiye da kilomita 600 ce, yankin Savanes na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma daga can motocin Nijar sai da rakiyar soja suke ratsa Burkina. Wutar lantarki ma wani ɓangarenta daga Ghana da Najeriya ake sayowa. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Hukumomin ƙasar sun san da haka. Shi ya sa a 2021 suka buɗe unguwar masana'antu ta Adetikope a kan hanyar arewa, inda ake son a riƙa sarrafa waken suya da auduga maimakon fitar da su ɗanye. Na ga manyan rumfunan ajiya da tituna masu faɗi da 'yan mata sanye da kayan aiki suna fitowa daga wurin ɗinki, na kuma ga filaye da yawa da ke jiran masu zuwa. Mai kafa masana'anta ya fi mai fito dogon lissafi, domin shekara ashirin yake hange. Zai tambayi farashin wuta, da ƙwarewar ma'aikata, da ko kotu za ta iya yanke hukunci a kan mai ƙarfi. Zai kuma tuna cewa gida ɗaya ke mulki tun 1967, kuma sauya tsarin mulki da aka yi a 2024 ya bar baya da ƙura.

Ga mu 'yan Arewa, wannan labari ya shafe mu kai tsaye. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023, ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, duk da fatan jawo kayan Nijar su bi ta Najeriya. Tsakanin Maraɗi da Kano bai kai kilomita 300 ba, amma ɗan kasuwar Maraɗi ya gwammace ya zagaya ta ƙasashe biyu da rakiyar soja. Ƙarfen dogo da siminti kaɗai ba za su dawo da shi ba. Zai dawo ne ranar da aka rage shingayen hanya, aka rubuta kuɗin fito a fili, ya kuma tabbata cewa dokar da ya tarar da safe ita zai tarar da yamma.