Daga Filin Sukuwa zuwa Argungu: Ina Littafin Dawakinmu?

Baƙon da ya sauka a Birnin Kebbi ya ce wa ɗan kabu-kabu ya kai shi Filin Sukuwa, ba sai ya ƙara wani kwatance ba. Sunan ya zauna a bakin yaro da babba, har ma da waɗanda ba su taɓa riƙe linzami ba. Wannan sunan ne ya fitar da ni wata safiya cikin hunturu, bayan sallar asuba, domin in ga ko akwai sauran sukuwa a wurin, ko kuwa suna ne kawai ya rage.

Na tarar da samari na motsa jiki, yara na buga ƙwallo, sannan can gefe wani dattijo yana jan ragamar wani akawal da aka fito da shi kilisa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan ingarma ɗan ina ne?" Ya shafa wuyan dokin ya ce, "Malam, uban dokin ga na san shi, kakansa ma ni na yi mashi hidima. Ɗan Arewa ne, ba gauraye." Na sake tambaya, "To, an rubuta haka a wani wuri?" Sai ya yi dariya, ya nuna kansa da yatsa. Wannan amsa ta bi ni har Argungu, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Kafin a shata wa doki fili a zagaye shi da shinge, ƙasar Kabi ta daɗe da saninsa a fagen fama. Da mahaya Kanta ya ɓalle daga mulkin Songhai a farkon ƙarni na 16, ya kafa daularsa a Surame. Birnin Kebbi, wadda ta zama fadar Kabawa daga baya, ta faɗa hannun rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a shekarar 1805. Daga nan Kabawa suka koma Argungu, aka shafe kusan sauran ƙarnin ana kai wa juna hari tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. A wancan zamani darajar doki a bayyane take: barde mai lifidi yana buƙatar dabba mai ƙarfin ɗaukar nauyi, ɗan leƙen asiri kuwa yana buƙatar mai zafin gudu. Yaƙi shi ne alƙalin da ke tantance na ƙwarai.

Zuwan Turawa, wanda ya kai ga cin Sakkwato a 1903, ya rufe wannan babi. Doki ya rasa aikinsa na farko, ya rage masa hawan salla da rangadi da kilisa. Sai dai su ma Turawan mutanen doki ne. Kusan duk babban garin da suka kafa bariki, sukan ware fili a kusa da unguwarsu domin tsere da wasan folo. Haka aka yi a Legas da Kaduna da Kano da Zariya, kuma Birnin Kebbi, wadda ta zama mazaunin Sarkin Gwandu da hedikwatar gundumarsa a Lardin Sakkwato, ita ma ta samu nata rabon. Bahaushe ya san sukuwa tun fil azal, amma tasa ta miƙe ce, wadda ake ƙarewa da zamiya da jinjina a gaban sarki. Abin da Bature ya kawo shi ne da'ira mai tsawon da aka auna, da alƙali, da kofi, da rajista.

Wannan rajistar ce ya kamata mu tsaya a kanta. Dokin tseren Ingila, wanda suke kira Thoroughbred, da ake kashe dukiya mai yawa wajen sayensa a yau, ba daga sama ya faɗo ba. Duk wanda ke raye a cikinsu, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, za a tuƙe ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka shigo da su Ingila daga ƙasashen Musulmi. Na farko shi ne Byerley Turk, a ƙarshen ƙarni na 17. Na biyu Darley Arabian, wanda aka sayo a Halab ta ƙasar Sham aka kawo shi a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya fito ta Tunis ya bi ta Faransa, kuma masana da dama na ganin dokin Barbar ne na Arewacin Afirka. Irin wannan jinin na Barbar ne fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi zuwa ƙasar Hausa da Barno. Ke nan akawal ɗin da na gani a Filin Sukuwa yana da dangantaka ta nesa da dawakin da sarakunan Ingila ke zuwa kallo a filin Askot, wanda Sarauniya Anne ta kafa a 1711.

To me ya raba su? Abubuwa biyu ne: fili da littafi. Fili shi ne ma'aunin da ke nuna wane doki ya fi wane, shekara bayan shekara, kamar yadda ake yi a gasar Dabi ta Efsom tun 1780. Littafi kuwa shi ne ke adana sakamakon. A 1791 James Weatherby ya fara buga kundin salsalar dawakin tsere, inda ake rubuta kowace goɗiya da abin da ta haifa da ingarman da ya hau ta. Har gobe ba a karɓar duƙushi cikin wannan jinsi sai iyayensa biyu suna cikin kundin. Da haka suka riƙa haɗa mai gudu da mai gudu har suka samu abin da suke nema. Mu kuwa namu kundin yana cikin kan dattawa irin wanda na gaisa da shi, ranar da aka kai ɗayansu makwanci an binne shi da shafuka masu yawa.

Da hantsi na kama hanyar Argungu, tafiyar da ba ta wuce awa guda ba. Bayan an wuce Ambursa, fadamar Gulbin Kabi takan riƙa bayyana jefi-jefi, manoman rani sun duƙufa a kan shinkafa, injinan ban ruwa na ta ƙugi. A wannan yankin Alwasa take, inda aka gwabza ƙazamin yaƙi a ƙarshen 1805. Duk tsawon hanyar na ƙirga babura har na gaji, na ga jakuna da amalanken shanu, amma doki ko ɗaya ban gani ba. Ban yi mamaki ba. Babur ba ya cin dawa da dusa da harawa, ba ya neman kanwa, ba ya buƙatar yaron barga. Wanda ke riƙe da doki a yau, ƙauna ce ko sarauta ta sa shi.

A Argungu na fara da Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, inda kaburburansu suke. Na daɗe ina duban masu da takubba da tambura, ina tunanin dawakin da suka ɗauki masu waɗannan makamai. Sunayen sarakuna suna nan a jere, ana karanta wa baƙo su ɗaya bayan ɗaya. Dawakin da suka hau kuwa sun tafi ba suna.

Amma Argungu ta koya mini wani darasi na daban. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ziyarar da ta zama alamar binne tsohuwar gaba, aka shirya masa kamun kifi domin girmamawa. Daga wannan rana al'adar masunta ta samu lokaci sananne da wuri sananne, wato Matan Fada, da dokoki da masu kula da su. Sakamakon haka, a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ko da ya yi shekaru kusan goma ba a yi ba, da aka tashi farfaɗo da shi a 2020 an tarar da kogin yana nan, Sarkin Ruwa da Makwashe suna nan. Al'adar da ke da mazauni takan yi barci ta farka. Wadda aka ƙwace wa mazauni kuwa, in ta kwanta shi ke nan.

Ga misali a Legas. Filin sukuwar birnin, wanda Oba Dosunmu ya bayar da ƙasarsa a 1859, shi ne inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. A 1972 aka mayar da shi Dandalin Tafawa Balewa, aka malale shi da siminti. Dawakin da suka rage a wurin su ne gumaka huɗu da ke tsaye a bisa ƙofar shiga. A Kaduna ma, filin da aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956 shi ne Dandalin Murtala na yanzu. Birnin Kebbi kuwa tun da ta zama babban birnin jiha a 1991 take faɗaɗa, fili a tsakiyarta ya zama zinariya. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka kirana ga masarautun Gwandu da Argungu, da hukumomin jiha, da masu sha'awar doki, bai wuce abu uku ba. A tabbatar da iyakokin Filin Sukuwa a rubuce cikin doka, yadda ba mai iya yankar ko taku ɗaya. A sanya wa tsere lokaci tsayayye a kowace shekara, tare da ware wa dawakinmu na gida rukuninsu da kyauta mai tsoka, domin kada na Sudan da na Turai su shafe su. Dokin gida ya san zafinmu da ƙudanmu da cimarmu, abin da baƙon doki ke shan wuya a kansa. Na uku, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi gaggawa, a buɗe littafi. Ba ya buƙatar kwangila. Malami ɗaya da likitan dabbobi ɗaya sun isa su zagaya bargunan Birnin Kebbi da Gwandu da Argungu da Kangiwa, su zauna da Shamaki da tsofaffin masu kiwon doki, su rubuta sunan kowane da launinsa da iyayensa da mai shi.

Da na dawo Birnin Kebbi da la'asar na sake bi ta filin, ko zan ga dattijon nan in tambaye shi sunan kakan akawal ɗinsa. Ban same shi ba, sai sawun kofato a kan rairayi, yara kuma sun riga sun kafa ragar ƙwallo a kai. Allah Ya sa a je masa da alƙalami tun yana iya bayar da labari.