Shekara nawa yaro zai kai kafin a kai shi Kirsimeti a ƙasar ƙanƙara?

Tun daga watan Agusta ake fara wannan muhawara a gidajen da Allah ya hore wa: bana za a kai yara su yi Kirsimeti cikin dusar ƙanƙara, ko a bari sai baɗi? Maigida na lissafin kuɗin jirgi, uwargida na kallon hotunan wasu a Instagram, autan da ake ta maganar dominsa kuwa ko yaye shi ba a gama ba. Tun da muka kai namu yaran Rovaniemi ake ta yi mini wannan tambaya, to bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya. A nawa ganin, ƙaramin cikin masu tafiyar ya kai shekara 6. Mai sauri ya tsaya nan. Wanda zai zuba miliyoyinsa kuwa, ya ɗan gyara zama.

Rovaniemi shi ne babban birnin Lapland, can ƙuryar arewacin ƙasar Finlan. Kilomita 8 daga tsakiyar garin akwai ƙauyen Santa (wato Fada Kirsimeti), wanda aka buɗe a 1985, kuma ta cikinsa layin da'irar Aktik ya ratsa. An ma zana shi a ƙasa, kowa na tsallakawa ana ɗaukarsa hoto. A ƙarshen Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe 11 na safe, kafin ƙarfe 2 ta faɗi. Akwai ɗan haske mai shuɗi-shuɗi kafin fitowarta da bayan faɗuwarta, sauran duk dare ne. Sanyi kuwa, digiri 10 ƙasa da sifili ba labari ba ne, wata rana ya sauka 20, wani lokacin har ya wuce. Firizar da muke daskarar da nama a gida tana kan 18 ne ƙasa da sifili. Wanda ya ce ai ɗansa ɗan Jos ne, ya saba da hunturu, to ya buɗe firizarsa ya sa hannu na minti biyu, sai mu ci gaba da magana.

Abin da ya sa na kafe a kan shekara 6 ba ya wuce jiki da baki. Ƙaramin yaro ya fi babba saurin rasa ɗumin jiki, domin fatarsa ta yi wa nauyinsa yawa. Sannan yawancin abubuwan da ake zuwa yi a can a zaune ake yin su: a zauna a amalanken ƙanƙara barewa ta ja, a zauna karnuka su ja, a zauna a bayan babur ɗin ƙanƙara a shiga daji neman hasken nan mai launi da ke bayyana a sama. Babba yana motsa yatsunsa, yana buga ƙafa. Ɗan shekara 2 an naɗe shi an ajiye, iska na dukan fuskarsa, ba zai iya ce miki "Mama, ba na jin yatsun ƙafata" ba. Kuka kawai zai yi, ke kuma ba ki san na yunwa ne, na barci ne ko na sanyi ba. Ɗan shekara 6 zai faɗa, kuma zai nuna wurin.

Ga kuma sa kaya, wanda babu mai ɗora hotonsa. Ta ciki ta ulu mai kama jiki, ba ta auduga ba, domin auduga na riƙe gumi ta huce a jikin yaro. Sai suwaita. Sai babbar rigar da ta haɗe da wando, wadda akan ba da haya a can. Safa biyu, takalmi mai nauyi, hular da ta rufe kunne, abin wuya, safar hannu ta ciki da ta waje. Kin gama ja masa zif har haɓa, ke ma kin sa naki kina gumi, kun fito bakin ƙofa motar da za ta ɗauke ku tana jira, sai ki ji an ja miki hannu: "Mama, fitsari." Idan ɗan shekara 6 ne, za ku yi dariya, ku koma, shi da kansa zai taya ki cirewa. Na ga wata baiwar Allah a ƙauyen Santa tana neman inda za ta canza wa jaririnta famfas, mijin yana riƙe da wata 'yar da ba ta fi shekara 3 ba, ta cire safar hannu ta jefar cikin ƙanƙara tana ihu, hannun ya yi ja wur. Daga ganin fuskokinsu ka san ranar ta ƙare musu, alhali ko azahar ba a yi ba.

Za a ce mini ai mutanen Finlan har jarirai suke ajiyewa a waje cikin keken turawa su yi barcin rana a sanyi. Gaskiya ne. Amma jaririn nan a cikin sanyin aka haife shi, uwarsa ta san kayan da za ta sa masa tun daga wurin tata uwar, kuma gidansu na nan taku goma. Ke kwana huɗu ko biyar gare ki, kin riga kin biya kuɗin kowace fita, ba za ki so ki fasa ba ko da yaron ya gaji.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne araha. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya, abin da ake biya masa a jirgi ɗan kaɗan ne. Bizar Shengen, wadda ake shiga Finlan da ita, kyauta ce ga wanda bai kai 6 ba, daga 6 zuwa ƙasa da 12 Yuro 45, babba Yuro 90. Sai iyaye su ce gara a je yanzu kafin ya fara cin kujera. To amma me aka saya masa? Yawancinmu ba ma tuna komai na kafin shekara 3, abin da ya biyo baya ma har wajen 6 ko 7 gutsattsari ne. Tafiyar da aka yi da ɗan wata 18 ta iyaye ce, ba tasa ba. Ba laifi ba ne uwa ta so ganin ƙanƙara, wallahi ni ma don kaina na fara sha'awar zuwa. A dai kira abin da sunansa, kada a jingina wa yaro. Kuma yara da yawa 'yan shekara 2 zuwa 3, da sun yi ido biyu da dattijon nan mai jan kaya da gemu har ciki, sai su ƙanƙame uwa su fasa ƙara. An bi dogon layi, an biya kuɗin hoto, hoton kuma na kuka ne.

Hanyar ma ba wasa ba ce. Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Helsinki, babban birnin Finlan, sai an yada zango a Istambul ko Farankfot ko wani wuri. Daga Helsinki kuma ko a ƙara jirgin sama na awa ɗaya da 'yan mintuna, ko a hau jirgin ƙasa na dare mai ɗakunan kwana, kusan awa 12. Ga mai shekara 7 wannan jirgin ƙasa shi kansa rabin daɗin tafiyar ne, faɗan wa zai kwana a gadon sama kawai za ki raba. Sauƙi ɗaya dai, awa ɗaya tak suka fi mu a lokacin sanyi, don haka barci ba ya rikicewa saboda agogo. Duhun ne ke rikita shi. Ƙarfe 4 na yamma yaro zai fara hamma yana tambayar abincin dare.

Inda na saɓa da abin da Turawa ke faɗa shi ne ta wajen iyakar shekaru ta sama. Su damuwarsu ita ce a je kafin yaro ya daina yarda cewa Santa gaskiya ne, abin da yakan faru wajen shekara 7 zuwa 8. Shi ya sa suke gaggawa, har su ɗauki na goye don kada babban ya wuce lokaci. Mu wannan ba damuwarmu ba ce sosai. Yaronmu tun yana firamare ya gane Fada Kirsimetin da ya zo bikin rufe makaranta malamin lissafi ne aka manna wa gemun auduga, ta takalminsa ya gane shi. Bai taɓa jiran wani ya sauko ta bututun hayaƙi ba, domin gidanmu ba shi da shi. Kayan Kirsimeti ya san daga wurin tela suke zuwa, ya ma san faɗan da aka yi da telan. Abin al'ajabi a wurinsa ƙanƙarar ce. Ya damƙa ta a hannu, ya ga numfashinsa na fita fari, ya ga gashin idon ƙanwarsa ya daskare, ya ji ƙarar da take yi a ƙarƙashin takalmi. Wannan mamaki ba ya ƙarewa a shekara 8. Ɗan shekara 12 daga Kaduna zai sha shi sosai, babansa ma haka, don na ga namu maigidan yana birgima a ƙasa yana cewa wai yara yake koya wa. Saboda haka kada kowa ya tsorata ki da "lokaci zai wuce". Idan an jira, ba a rasa komai ba sai layin ganin Santa, a madadinsa kuma manyan yara za su koyi gudun kan ƙanƙara, su jure fitar dare, su tsaya su karanta abin da ke gidan tarihi na Arktikum game da mutanen Sami na yankin da kiwon barewa, da yadda aka ƙone kusan duk garin a 1944 aka sake gina shi.

Gidan da ke da yara uku ko huɗu, da ƙaramin ake lissafi, ba da babban ba. Idan tazarar ta yi yawa, ko a jira, ko a bar auta wurin kaka. Na san wannan maganar ba ta yi wa wasu iyaye mata daɗi. Amma mako guda a ɗakin kaka ana lallaɓa shi da kunu da ƙosai ya fi masa mako guda a naɗe yana kuka, kuma yayyensa za su samu uwar da hankalinta ke wurinsu.

Akwai abin da ya fi shekaru, kuma ya shafe mu fiye da yawancin masu zuwa can: sikila. Sanyi na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, ga doguwar tafiyar jirgi da ƙarancin shan ruwa. Yaron da ke da ita, ko nawa ne shekarunsa, kada a sayi tikiti sai an zauna da likitansa, idan ya ce a'a kuma a haƙura. Mai asma ma haka, busasshiyar iska mai sanyi na iya tayar masa, abin shaƙarsa ya kasance a aljihun ciki inda ɗumin jiki zai same shi. Inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 dole ce kafin a ba da biza, amma a karanta a ga ko ta ɗauki ciwon da mutum ya riga ya zo da shi, domin da yawa ba sa ɗauka.

Sai maganar ranar kanta. A Finlan babbar ranar ita ce 24 ga Disamba. Da tsakar rana ake shelar zaman lafiyar Kirsimeti daga birnin Turku, daga nan shaguna su fara rufewa, kowa ya shige gidansa da iyalinsa. Baƙo yana otal. Babu mai aiko maka da kwanon shinkafa da kaza, babu inda za ka aika naka, babu yara masu sabon ɗinki suna zagaya gidaje ana ba su 'yan canji, babu ƙungiyar mata masu zumunta da ganga. Shekarun da nake cewa sun dace da tafiya, su ne kuma shekarun da yaro ya fi jin daɗin Kirsimetin gida, kuma kakannin da ke jiran jikoki a ƙauye su ma nasu shekarun na tafiya. Surukata da ta ji shirinmu cewa ta yi, "'Yata, ku je ku ga ƙanƙararku, amma ranar 25 ina son in ƙirga kawunansu a gabana." Haka aka yi, kuma ita ce shawarar da nake ba kowa. Ofishin Santa a buɗe yake kowace rana a shekara. Da an rufe makaranta a tsakiyar Disamba a tafi a dawo kafin 24, ko a bari sai bayan biki. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi tsada da cunkoso. Wanda hutun yaransa zai ba shi dama, Fabrairu zuwa Maris rana ta fi tsawo, ƙanƙara ta fi kauri. Hasken sama kuwa kada a yi wa yaro alkawarinsa, gajimare kan rufe shi har mutum ya gama kwanakinsa bai gani ba.

Masu tunanin kasuwannin Kirsimeti na Jamus ko fitilun Landan, can sanyin da sauƙi, ɗan shekara 4 ma zai iya. Sai dai babu tabbacin ƙanƙara ko kaɗan, a Landan ma ruwan sama ya fi yiwuwa. Kasuwar Nuremberg ranar 24 take tashi, ta Dresden da ake ci tun 1434 ita ma haka. Da yamma mutane sukan cika maƙil, ƙaramin yaro ba abin da zai gani sai bayan rigunan manya, sai dai baba ya saɓa shi a wuya. 'Yan uwa Musulmi da ke amfani da hutun don kai yara, a riƙa tambayar abin da ke cikin abinci, domin naman alade shi ne babban naman biki a Finlan, tsiran kasuwannin Jamus ma yawanci shi ne. Miyar kifin salmon da faten shinkafa da madara suna ko'ina a Lapland, yara kuma na ci.

Idan bana ake nufi, ana karɓar takardun biza tun wata 6 kafin tafiya, kuma yaron da bai kai 12 ba ba a ɗaukar hoton yatsunsa. A duba fasfo ɗin kowa tun yanzu, sai ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ta tanadi takardar amincewar uba da takardun haihuwa, domin za a nema.