Ramin da Za a Nema wa Kawu

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani abin da ya same ni, na ga ya kamata in ba ku labari, tun da ya ke dukanmu nan gaba fassara wa yara kalmomi za mu riƙa yi.

A babban hutu na 2023 aka aike ni Malabo in yi jiyyar kawuna, wanda ya daɗe can yana sayar da yadi. Malabo tana cikin tsibirin Bioko, wanda dā a ke kira Fanando Fo, a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Turawan Sifen suka riƙe ƙasar har 1968, saboda haka Sifaniyanci a ke yi a ofis da makaranta da asibiti. Ni kuwa guzurina ɗan ƙamus ne na aljihu. Na haddace 'yan kalmomi, ina ji kamar na gama.

Cikinsu akwai hueco. Ba a faɗar h ɗin, "weko" a ke cewa. Ƙamus ya ce rami ne. Na rubuta rami, na wuce.

Ran nan ciwo ya tsananta, muka kai Kawu asibiti, na kwantar da shi bisa benci. Malamar da ke rubuta suna ta duba littafinta, ta hango shi, ta girgiza kai ta ce, "Hoy no hay hueco." Watau, a fassarata, yau babu rami. Sa'an nan ta ƙara da cewa, "Mañana le buscamos un hueco." Gobe za mu nema masa rami!

To, jama'a, Bahaushe ya ji an ce za a nema wa majiyyaci rami, me zai zo masa a rai in ba kabari ba? Gwiwoyina suka yi sanyi. Na koma na zauna kusa da shi, ina salati a zuci, ina tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata. Ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ba kome, Kawu." Ya matsa mini, na maimaita masa maganarta, hawaye na zuba. Sai ya kama dariya yana dafe da ciki, ya ce, "Kai yaro, Allah ya shirye ka! Cewa ta yi yau likita ba shi da sarari, gobe za ta sama mana gurbi a littafi."

Daga ran nan na kasa kunne, sai na ga kalmar ba inda ba ta shiga. In mota ta cika, mutum ya ce hazme un hueco, watau matsa mini in zauna. Filin da ke tsakiyar matakalar bene hueco ne, haka kogon itace, haka giɓin haƙori. Ɗan maƙwabciyarmu ya kawo mini aikin makaranta, an rubuta rellena los huecos, ashe cike gurbin nan ne da mu ke ba yara. Wanda ba ya fahimta kuwa a ce da shi cabeza hueca, mai kai fanko. Na san wanda sunan ya dace da shi ran asibiti.

Abin da Hausa ta raba wa rami da kogo da giɓi da sarari da gurbi, su sun tara cikin kalma guda. Ƙamus bai yi ƙarya ba, ɗaya ya ba ni ya riƙe huɗu. A ganina gurbi ya fi kusa, don gurbi wuri ne wanda ke jiran mai shi. Hudar da aka yi wa abu kuwa, kamar ta ƙusa a bango, sun fi ce mata agujero.

Kawu ya ga likita kashegari, ya sami sauƙi, na komo kwaleji. A 2024 Allah ya yi masa rasuwa. Maƙwabciyar nan ta aiko mini da ta'aziyya ta waya, layi ɗaya tak: "Ha dejado un hueco muy grande." Ban nemi ƙamus ba.